Haɗa Katin Gaisuwa da Hannu: Daga Doyar Kuta Zuwa Hatimi

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce zumunta a ƙafa take. Abin nufi shi ne, duk mai son ya riƙe ɗan'uwansa sai ya taka ya je ya gan shi ido da ido. To amma ba kullum ne ƙafa ke kai mutum inda zuciyarsa ke so ba. Wani karatu ne ya tsare shi, wani nisan hanya, wani kuwa rashin kuɗin mota ko rashin tsaron hanyar kanta. Wannan ne ya sa tun kaka da kakanni Bahaushe ya tanadi abubuwan da za su wakilci ƙafarsa, kamar ɗan aike da goro da wasiƙa. Katin gaisuwa shi ne auta a cikin wannan zuriya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ɗalibi zai haɗa katin gaisuwa da hannunsa, ta hanyar amfani da takarda mai ado da kuma hatimi. An ɗauki garin Kuta na Jihar Neja a matsayin misali, domin a nuna cewa ba sai mutum yana zaune kusa da manyan kantunan Legas ko Abuja zai iya wannan aiki ba. Mafi yawan abin da ake bukata yana nan a gona da madafa da kasuwar ƙauye, kuma fasahar kanta tana da tushe a cikin sana'o'in iyayenmu.

Garin Kuta

Kuta ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Shiroro, tana arewa maso gabas da Minna, kuma mai zuwa daga Minna yakan bi ta garin Gwada. Ƙasar Gbagyi ce, wato mutanen da Hausawa ke kira Gwari, amma akwai Hausawa da Fulani da wasu ƙabilu da ke zaune tare da su, harshen Hausa kuma shi ne na ciniki a kasuwa. A wannan ƙaramar hukuma ce aka gina madatsar ruwan Shiroro a kan kogin Kaduna, wadda ta fara aiki a shekarar 1990 da ƙarfin megawat 600. Jama'ar yankin manoma ne, sun yi suna wajen noman doya, suna kuma noma masara da dawa da rogo.

Akwai dalilin da ya sa maganar gaisuwa ke da nauyi a wannan yanki. Hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka yi tsanani a shekarar 2021, sun raba mutanen ƙauyuka da yawa na Shiroro da gidajensu, suka yi gudun hijira zuwa Kuta da Gwada da Minna. Dangin da a da ake gaishe su gida ɗaya ranar Salla ko Kirsimeti sun watsu garuruwa daban-daban. Ga irin waɗannan iyalai, 'yar takarda mai ɗauke da rubutun hannun ɗa ko jika abu ne da ake adanawa a cikin adaka.

Asalin Katin Gaisuwa

Katin gaisuwa irin wanda ake bugawa a sayar ya samo asali ne daga Ingila. A shekarar 1840 aka fito da kan sarki na farko a duniya, wanda ya sa aika wasiƙa ya yi araha ga talaka. Bayan shekara uku, wato a 1843, wani ma'aikacin gwamnati a birnin Landan mai suna Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti. Aka buga guda 1,000, aka riƙa sayar da kowane ɗaya sule guda. Daga nan al'adar ta bazu zuwa sauran ƙasashen Turai da Amurka, inda kamfanoni irin su Hallmark, wanda aka kafa a 1910, suka mayar da ita babbar sana'a.

A ƙasar Hausa kuwa, kati ya shigo ne tare da makarantar boko da gidan waya da maɗaba'a. Kafin zuwansa, idan za a yi suna ko ɗaurin aure goro ake rabawa, wanda ya karɓa ya san an gayyace shi ke nan. Sannu a hankali katin gayyata ya zo ya zauna kusa da goro da alewa. Haka kuma masu sauraren rediyo sun daɗe suna sayen katin zaɓe su rubuta sunayen 'yan'uwa da abokai, a karanta gaisuwarsu a shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. 'Yan makarantun kwana su ma sun saba aika wa juna katin Salla da na fatan nasara a jarrabawa.

Zuwan wayar salula ta GSM Nijeriya a watan Agusta na 2001 ya canza wannan tsari. Aka koma aika gajeren saƙo, daga baya kuma aka koma tura hotuna ta WhatsApp da Facebook. Babu shakka an sami sauƙi da sauri. Sai dai sau da yawa hoton da ya iso wa mutum ranar Salla shi ne aka tura wa mutum ɗari, shi ma mai turawar wani ne ya turo masa, babu sunan kowa a ciki. Idan waya ta cika ko ta lalace, shi ke nan gaisuwa ta bi ruwa.

Tushen Wannan Fasaha a Wurinmu

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su ba da katin hannu: takarda da ado da hatimi. Babu baƙo a cikinsu.

Ta fuskar takarda, tun kafin zuwan Turawan mulkin mallaka fatake ke ɗauko ta daga Tarabulus su ratsa Sahara da ita har Kano. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a 1851, ya ambaci takarda cikin hajar da ake shigowa da ita. Yawancinta a Italiya ake yin ta, kuma idan aka ɗaga ta a haske akan ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. A kan irin wannan takarda ce malamanmu na ƙarni na 19 suka rubuta littattafai masu yawa.

Ta fuskar ado, duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana na saukar Alƙur'ani ya san cewa alarammomi gwanaye ne wajen haɗa baƙi da ja da rawaya da kore a cikin zane mai kusurwoyi. Masu ɗinkin babbar riga suna da aska biyu da aska takwas, magina suna da zanen da suke ƙawata soraye da shi a Kano da Zariya, ga dagin Arewa wanda ya zama tambarin yankin baki ɗaya. Mata kuma suna da zanen lalle da na ƙwarya.

A ƙasar Gbagyi akwai wani adon da ya fi kowane kusa da batunmu, wato na tukwane. Magina tukunya sukan mirgina murɗaɗɗiyar igiya ko ɗan sassaƙaƙƙen itace a jikin ɗanyen yumɓu, sai zane ya fito yana maimaita kansa har ya zagaye tukunyar. Shahararriyar magina Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da irin wannan ado ta yi fice, tana haɗa shi da zanen ƙadangare da kunama da kifi da kada. Ta shiga cibiyar koyon gina tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Shi kuwa hatimi, wanda ma'aikatan ofis ke kira sitam, tarihinsa a Musulunci ya kai zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin an yi masa zoben azurfa da yake hatimce wasiƙun da yake aika wa sarakuna da shi. Wasiƙun Sarakunan Musulmi na Sakkwato da na Shehunan Borno su ma suna ɗauke da hatimi. Idan aka leƙa ƙasar Gana, inda fataken goro Hausawa suka daɗe da kafa zango a Kumasi, akwai garin Ntonso da ya shahara wajen buga zanen adinkra a kan tufafi, kuma da ɓallin ƙwarya suke sassaƙa hatimansu. Ke nan ɗalibin da ya sassaƙa hatimi ya buga dagin Arewa a kan kati gadon gida ya ɗauko.

Kayan Aiki

Abubuwan da sai an saya a kantin littattafai kaɗan ne: farin kwali mai kauri, da farar takarda, da rula, da fensir, da almakashi, da reza ko 'yar wuƙa mai kaifi. Takardar da ake buga rubutu da ita a shagunan kwamfuta mai nauyin giram 80 ce, ta yi laushi a yi jikin kati da ita, amma ta dace da yin ado da ambulan. Jikin kati yana bukatar kwali mai nauyin giram 200 zuwa 300 domin ya iya tsayawa da kansa a kan tebur. Akan rubuta wannan nauyi a jikin ƙunshin takardar.

Sauran kayan kuwa na gida ne: guntun doya ko dankalin Hausa, da ɓallin ƙwarya, da tsohon silifa, da kuɓewa, da totuwar masara, da sitacin rogo, da ƙaro, da zoɓo, da gangamau, da gawayi, da 'ya'yan bagaruwa, da kanwa, da lemon tsami, da tsohon matsefi, da guntun soson katifa.

Mataki na Farko: Sassaƙa Hatimi

Mai koyo ya fara da doya, domin tana da laushin yanka kuma a Kuta ba a rasa guntun da za a yar. A yanke ta a tsakiya da wuƙa sara ɗaya domin fuskar ta fito a baje sumul, idan ta yi tudu da kwari zanen ba zai fito duka ba. A goge yauƙin da tsumma, a bar ta ta sha iska kamar rabin awa. Daga nan a zana siffar da ake so da bakin fensir, sannan a ƙwaƙule duk wurin da ba a son ya taɓa takarda, zurfin kamar rabin santimita. Abin da ya rage a sama shi ne zai ɗauki launi. Wanda doya ke sa wa ƙaiƙayi ya shafa mai a hannu ko ya koma ga dankali. Aibin hatimin doya shi ne ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu sai ya yamushe.

Mai son hatimin da zai daɗe sai ya yi amfani da tsohon silifa ko ɓallin ƙwarya ko robar goge fensir. A wanke silifan, a yanki ɓangaren da ya fi santsi, a sassaƙa da reza, sannan a manna shi a kan ɗan katako domin a sami wurin riƙewa. A riƙa tura rezar tana nesa da yatsu, kuma kada a bar wa yara ƙanana wannan ɓangare na aikin.

Akwai hatiman da Allah ya riga ya sassaƙa. Idan aka yanka kuɓewa a gicciye akan sami siffar fure, albasa tana ba da da'ira cikin da'ira, bakin kara yana ba da ɗigo, bayan ganyen rogo ko na dogon yaro yana fitar da jijiyoyinsa duka. Totuwar masara kuwa mirgina ta ake yi, kamar yadda magina ke mirgina igiya a jikin tukunya.

Babbar ƙa'ida a nan ita ce, duk abin da aka sassaƙa a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. Wannan ba ya damun fure ko tauraro, amma yana ɓata rubutu. Hatimin farko da na taɓa sassaƙawa kalmar "Barka" ce, da na buga sai ga ta tana karantuwa daga dama kamar ajami, harufan duk sun juya baya. Maganin wannan shi ne a rubuta kalmar da fensir mai baƙi sosai a kan takarda, a kifa ta a kan robar a murza bayanta da farce. Rubutun zai koma jikin robar a juye, sai a bi shi da reza. Kafin a buga a duba hatimin a madubi, idan ya karantu daidai a can to zai karantu a kan kati.

Mataki na Biyu: Haɗa Launi

Wanda ke da hali zai iya sayen fentin ruwa na 'yan makaranta ko tawadar hatimi ta ofis. Wanda ba shi da hali kuma ba zai rasa ba. Baƙi yana samuwa daga tawadar allo, wato gawayin da aka niƙa lukui aka haɗa da ƙaro. Akwai kuma wata baƙar tawada da ta fi kama takarda. Akan daka 'ya'yan bagaruwa, irin waɗanda majema ke jima da su, a tafasa a tace, sannan a jefa ƙusoshi masu tsatsa a ciki a bari na 'yan kwanaki. Sinadarin da ke cikin bagaruwa ne ke haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙi, kuma yana ƙara duhu bayan ya sha iska a kan takarda.

Ja yana samuwa daga zoɓon da aka tafasa da ruwa kaɗan har ya yi duhu, rawaya daga gangamau, ruwan ƙasa-ƙasa daga lalle ko goro. Wani abin sha'awa shi ne launi ɗaya yana iya haihuwar wasu. Idan aka ɗiga lemon tsami a ruwan zoɓo sai jansa ya ƙara haske, idan kuwa ruwan kanwa aka ɗiga sai ya juya zuwa shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Gangamau kuma idan ya haɗu da kanwa yakan koma ja mai duhu.

Duk waɗannan ruwan launi tsinkakku ne, idan aka buga su haka nan za su malale su ɓata zanen. Saboda haka a jiƙa ƙaro ya kwana, a tace, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan har launin ya yi kaurin zuma. Daga nan a ɗora guntun soso a kan faranti, a shafa masa launin, a riƙa danna hatimi a kai. Tsoma hatimi kai tsaye cikin launi yana sa ya kwaso fiye da kima. A sani kuma launin zoɓo da gangamau yana kodewa idan ya daɗe a rana, don haka a inuwa ake shanya aikin.

Mataki na Uku: Yin Takarda Mai Ado

Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi wadda aka riga aka yi wa ado, kamar takardar naɗe kyauta, ko tsohuwar kalanda, ko ƙyallayen atamfa da shadda da ke zube a shagon tela. A nan sai a lura, duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah ko ayar Alƙur'ani ba a yanka ta don ado.

Hanya ta biyu ita ce a buga adon da hatimi. A ja layuka marasa nauyi da fensir, tsaye da kwance, tazarar santimita 3 tsakaninsu, sai a riƙa buga hatimi a kowane gida. Za a iya cika gidajen duka, ko a buga ɗaya a tsallake ɗaya, ko a riƙa juya hatimin sama da ƙasa. Idan launi biyu za a yi, a fara da mai haske, a bari ya bushe sarai sannan a ɗora mai duhu. A sa tsumma mai ninki biyu a ƙarƙashin takardar domin hatimin ya zauna sosai, kuma a danna a ɗaga tsaye ba tare da an goga ba.

Hanya ta uku ita ce ta sitaci. A dama sitacin rogo cokali 1 a ruwan sanyi kamar cokali 8, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri kamar talgen tuwo, a sauke ya huce, a zuba launi. A ɗan jiƙa takarda gaba da baya da soso, a shimfiɗa ta a kan tire, a shafa mata sitacin ko'ina. Tun yana ɗanye sai a ja matsefi a kai, miƙe ko a karkace kamar tafiyar maciji, ko a mirgina totuwa, ko a yi da'ira da ɗan yatsa. Duk inda aka ja, farin takarda zai leƙo. Masu ɗaurin littattafai a Jamus sun daɗe suna amfani da wannan dabara. Turkawa kuma suna da tasu mai suna ebru, inda ake yayyafa launi a kan ruwa mai kauri sannan a kifa takarda ta kwashe zanen, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun da ake kiyayewa a 2014.

Yanayi yana da tasiri a wannan aiki. Da hunturu sitaci kan bushe kafin a gama zane, don haka a riƙa yin takarda ɗaya-ɗaya. Da damina kuwa, musamman a ƙasa mai laima irin ta Neja, takarda kan yi jinkirin bushewa har ta yi fumfuna, saboda haka a shanya ta inda iska ke ratsawa, kuma sitacin da ya kwana biyu a zubar a dama sabo. Idan ta bushe ta nannaɗe, a goge bayanta da dutsen guga mai ɗan ɗumi.

Mataki na Huɗu: Yanka da Ninki da Mannawa

Kwali mai girman A4 yana da faɗin santimita 21 da tsawon 29.7. Idan aka raba shi biyu, aka ninka kowane rabi, za a sami kati 2 masu girman 10.5 da 14.8. Kafin a ninka, a ɗora rula a tsakiya a ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare. Wannan ɗan kwarin da aka yi shi ne ke sa kwali ya ninku a miƙe ba tare da ya tsage ba.

Daga nan a yanki takarda mai ado santimita 9.5 da 13.8, domin idan aka manna ta a fuskar katin a sami farin gefe na rabin santimita ta kowane ɓangare. A kan takardar adon ake shafa gam ko sitaci, kaɗan kuma, daga tsakiya zuwa gefe. Yawan gam shi ke jiƙa kwali ya sa ya lanƙwashe. Sai a yanki wani ɗan farin kwali, a buga babban hatimi ko kalmar gaisuwa a kai, a manna a tsakiya ko ƙasa-ƙasa. Mai son ƙarin ado zai iya huda gefen da allura ya ratsa zaren ɗinkin hula. A kiyayi cika ado, launi biyu ko uku sun isa, domin idan zane ya yi yawa ido ba ya sanin inda zai tsaya. A ƙarshe a sa katin tsakanin fararen takardu biyu, a danne da manyan littattafai ya kwana.

Ambulan ma ba sai an saya ba. A ɗora katin a gicciye a tsakiyar takardar A4, a ninko gefen dama da na hagu, a ninko ƙasa ta rufe katin, abin da ya rage a sama ya zama murfi. A bar 'yar tazara don katin ya shiga ya fita cikin sauƙi, a yanke rarar kusurwoyi, a manne gefuna.

Saƙon Cikin Kati

A nan ne aikin ɗalibin Hausa ya fi na kowa. Gaisuwar Bahaushe tana tafiya ne da matsayin wanda ake gaisarwa da kuma dalilin gaisuwar. Katin da za a aika wa mahaifi zai buɗe da "Zuwa ga Baba, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya". Na malami zai fara da "Allah gafarta Malam", na basarake da "Ranka ya daɗe". Mai jego akan ce mata "Barka da arziki, Allah ya raya", ango da amarya "Allah ya ba da zaman lafiya", majinyaci "Allah ya ƙara sauƙi". Maƙwabci Kirista a rubuta masa "Barka da Kirsimeti", idan kuma Bagwari ne a nemi wanda ya iya harshen Gbagyi ya ƙara layi ɗaya da harshensa. A ambaci sunan wanda aka aika wa da wani abu da ya shafe shi shi kaɗai, kamar gonarsa ko jikokinsa. Ta'aziyya dai ba a wakilta ta da kati matuƙar akwai halin zuwa. Haka kuma ya fi kyau a guji rubuta ayoyi, tunda ba a san inda katin zai ƙare ba.

Sai batun ƙa'idar rubutu. Tun cikin shekarun 1930 aka shigo da harufa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, cikin rubutun boko, amma har yau katunan gayyata da yawa na fitowa daga maɗaba'a babu su. Wannan ba ƙaramar illa ba ce, domin "ɗa" daban "da" daban, "ƙafa" daban "kafa" daban. Mai karatu ya auna abin da zai faru idan aka tashi taya magidanci murnar haihuwa da "Barka da samun ƙaruwa", sai aka mance da ƙugiyar. Mai rubutu da hannu ko sassaƙa hatimi ba shi da uzurin cewa na'ura ce ba ta da harafin. A kula kuma da raba kalmomi, "Allah ya ba mu" ake rubutawa, ba "yabamu" ba.

Kati a Matsayin Sana'a

Bahaushe ya ce sana'a sa'a. Ɗalibin da hannunsa ya faɗa zai iya rage wa iyaye nauyi da wannan aiki, musamman gab da Salla da Kirsimeti da bikin saukar karatu da yaye ɗalibai. Lissafin ba shi da wuya: kwali 20 na ba da kati 40. A tara kuɗin kayan duka a raba da yawan katunan, sannan a ɗora ladan lokacin da aka ɓata. Dabarar sauri ita ce a yi aiki iri ɗaya a zama ɗaya, yau a yi takardun ado, gobe yanka da ninki, jibi mannawa. Ya kamata kuma mai aikin ya sassaƙa ɗan ƙaramin hatimi mai ɗauke da sunansa ya riƙa bugawa a bayan kowane kati, domin wanda ya gani ya yaba ya san wurin wanda zai nema.

Kammalawa

An ga yadda katin gaisuwa ya faro daga Ingila ya iso ƙasar Hausa, da yadda takarda da ado da hatimi suka riga shi zama a wurinmu, an kuma bi matakan haɗa shi ɗaya bayan ɗaya da kayan da ke samuwa a gari irin Kuta. Shawara ga ƙungiyar ɗaliban Hausa ita ce ta ware rana guda kafin hutun Salla mai zuwa, kowa ya zo da guntun doyarsa da tsohon silifansa a gwada. Kafin ranar, kowane ɗalibi ya tambayi tsofaffin garinsu sunayen zanen da ke jikin tukwane da ƙore da riguna, ya rubuta su, domin masu sanin waɗannan sunaye suna ta ƙaranci. Katin farko kuma a aika wa iyaye. Allah ya sa mu dace, amin.